Ruwan da ke Tafiya a Bayan Ƙanƙara

Tun da na dawo, kowace ƙawata ta zo gaisuwa, sai ta yi addu'a ta shafa, sannan ta matso ta rage murya ta ce, "To Dije, ya Turkiyyar take? Da gaske ne yawu yana daskarewa kafin ya kai ƙasa?" Ban ga laifinku ba. Ni ma da wata ce ta je, da na tambaya. Amma bakina ya kasa ba da labarin nan sau goma, shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna.

Dole in fara daga ɗakin Baba, don daga can tafiyar ta tashi.

Baba ya daɗe yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Malumfashi kafin ya yi ritaya ya koma gonarsa a Gozaki. A bangon ɗakinsa akwai tsohuwar kalanda da ya hana a cire. Hoton da ke jikinta na matsirga ne, wato inda kogi ke faɗowa daga kan dutse, sai dai ruwan ya daskare a tsaye, fari fat, kamar an daka masa tsawa ya tsaya. Baba ya taɓa kai ɗalibansa matsirgar Kafanchan, ya san rugugin ruwa in yana faɗowa. Shirun hoton ne ya dame shi. Tun ina ƙarama yakan ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "littafi ya ce ruwan bai tsaya ba, yana tafiya ta baya. Amma ni ban ji da kunnena ba."

Wata uku kafin tafiyata ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta koma fito masa ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Lokacin takarda ta riga ta zo, an ɗauke ni kwas na wata shida kan noman rani da ban ruwa a Erzurum, wani gari a gabashin Turkiyya. Na ce na fasa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna kalanda, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Je. Ki ji min."

Saƙon da na tafi da shi ke nan. Kwas ɗin, a zuciyata, rakiya kawai ya yi.

Ranar da zan tashi ana cikin kaka, masara shanye a kowace ƙofar gida. Inna ta cusa min kuka da yaji da daddawa a cikin kayana. Gwaggo Hajara, yayar Baba, ta riƙe min hannu tana jan kunne.

"Ki rufe ƙirji, ki rufe tafin ƙafa. Kada ki bari sanyi ya shige ki, in ya shiga ba ya fita."

Sai muka ji Baba yana dariya da rabin bakinsa. Tsohuwar gardamarsu ce. Da yana da lafiya da ya ce, "Yaya, sanyi ba ya shiga ko'ina, zafi ne ke fita," ita kuma ta ce, "Bokonka ya tsaya a kanka, Malam." Ranar bai iya faɗa ba. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Na ji, na ji, ba sai ka faɗa ba." Ta juya ta goge ido da gefen mayafi.

Yaya Sani ne ya kai ni Kano ta hanyar Gwarzo. Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai kunnena ya toshe, kuma ban san ta ina alƙibla take ba. A filin jirgin Istanbul ne na fara cin karo da baƙunta. Wani kare na ma'aikata ya zo ya zauna daram a gaban akwatina ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya ta buɗe, ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya kamar an mare ta. Na rasa sunan daddawa da Turanci. Na ɓalli kaɗan na jefa a baki don ta ga abinci ne. Na yi mata alama ko zan iya ɗauka, sai ta ɗaga gira, ta ɗaga haɓa, ta ja tsaki. Ni aka yi wa tsaki a gaban jama'a, ban yi wa kowa komai ba. Na shiga banɗaki na yi kukana. Sai bayan mako biyu na gane cewa su tsaki "a'a" ce kawai, yaro ma yana yi wa kakarsa ba a ce ya yi rashin kunya ba. Daddawar Inna dai ta tafi.

Daga Istanbul mota na hau, kusan kwana guda muna tafiya. Suna zaunar da mace kusa da mace. Kwandastan, babban mutum da nektai, ya bi layi yana tsiyaya wa kowa wani ruwa a tafin hannu. Na tara hannu biyu na yi bisimilla na kai baki. Tsohuwar da ke gefena ta cafke min hannu tana dariya har da hawaye. Ashe turaren lemo ne na goge hannu. Daga nan ta ɗauke ni jika. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, amma ta karanta Fatiha na kama mata, ta ɓallo min burodinta da cuku. Da za ta sauka na durƙusa kamar yadda muke yi, ita kuma ta miƙo min bayan hannunta. Muka tsaya muna kallon juna. Su sumbatar hannun babba suke yi su ɗora a goshi.

Masaukina gidan kwanan ɗalibai mata ne. Ɗakinmu mu biyu, ni da Zainab, 'yar ƙasar, mai surutu da son tsokana, tana jin Turanci daidai gwargwado. Mai kula da gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Fatma. Karin kumallonsu zaitun ne da cuku da burodi, har na yi wata guda cikina yana tambayata yaushe za a karya. Shayi kuwa ba ƙidaya, a ɗan ƙaramin kofin gilashi. A garin nan ba sa jefa sukari a ciki. Ƙwaya ɗaya mai tauri suke ajiyewa a kunci, su riƙa kurɓar shayin ta kanta.

Mu a gida ƙanƙara fushi take zuwa da shi, ta yayyaga ganyen masara, manomi ya fito ya riƙe kai. Tasu ba ta da murya. Na farka wata safiya na ga tana saukowa a hankali kamar audugar da ke tashi a masana'antar gurzar Funtua. Na wanke hijabina na shanya a waje, na dawo na tarar da shi ya sandare kamar kilishi. Zainab ta ɗauko shi ta tsayar a tsakar ɗaki ta gaishe shi.

Duk Juma'a Yaya Sani yakan je Gozaki da wayarsa. Ya kara wa Baba a kunne, in yi ta zuba, in ji numfashinsa, can ya ce, "Uwata." Kalmar nan ɗaya nake ci har wata Juma'ar. Wani lokaci bayan na ajiye waya sai in zauna ina tunanin ko Baban da na sani yana nan dukansa a bayan fuskar nan da ta tsaya.

A ƙarshen Disamba zazzaɓi ya kama shi. Juma'a biyu ban ji muryarsa ba. Na daina gane abin da ake koyarwa a aji. Na fara duba yadda zan koma gida. Wata Talata da rana na kira Yaya bai ɗauka ba, na kira Inna wayar a kashe, sai na kira Gwaggo Hajara. Na ji hayaniyar mata a bayanta, ta ce bari ta fita waje.

"Gwaggo, ya jikin Baba?"

"Dije, kin ci abinci?"

"Gwaggo, jikin Baba nake tambaya."

"Zazzaɓin ya sauka," ta ce. "Jiki ya yi sanyi. Ya huta. Ke dai ki yi ta yi masa addu'a, ki riƙe karatunki."

Na yi sujada a kan dardumar ɗakin. Na saka takalmi na fita cikin ƙanƙara har wani kantin kayan zaƙi, na sayo alewa mai ɗumi wadda suke yi da garin alkama da man shanu. Na bi ɗakuna ina rabawa sadaka. Sai na ga duk wadda na miƙa wa tana sauya fuska, ta dafa ƙirji, ta faɗi wasu kalmomi a hankali. Hajiya Fatma ta rungume ni tana shafa bayana. Zainab ta fito da gudu.

"Dije, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Babana ne ya samu sauƙi."

"Kai, kin tsorata mu! A nan alewar nan ta mamaci ce. In an yi rasuwa ake dafa ta a bi maƙwabta da ita."

Muka yi ta dariya. Na ce wannan ma zan ƙara a cikin labaran da zan ba Baba, bayan na kare da na turaren lemo. Hajiya Fatma kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi rabonta, ta yi addu'a a kai, ta ci.

Bayan kwana tara malaminmu na ilimin ruwa, wani dattijo mai suna Malam Usman, ya kwashe mu a mota zuwa wata matsirga da ta daskare kusa da garin Erzinjan. Na san irin hotonta tun ina goye, amma yau ga ni tsaye a gabanta. Tsawonta ya fi hasumiyar masallacinmu. Ba fara ba ce kamar ta kalanda, cikinta shuɗi ne, kuma jikinta duk ƙulle-ƙulle kamar kitson da aka fara aka bari.

Malam Usman ya cire safar hannunsa ya ce kowa ya dafa. Na dafa, na janye.

"Me kika ji, 'yar Najeriya?"

"Sanyi ya shige ni."

Ya girgiza kai. "Babu abin da ya shige ki. Zafinki ne ya fita ya shiga ƙanƙara. Dubi inda kika dafa, ya jiƙe. Ke kika narkar da shi."

Na ji kamar Baba ne ya ari bakinsa.

Ya ce ruwan da ke faɗowa da ƙarfi ba ya daskarewa haka kawai, don yana da yawa, yana gudu, kuma daga cikin ƙasa ya fito da ɗan ɗuminsa. Feshin da ke tashi shi ne ke fara mutuwa. Ɗigo ƙarami ba shi da inda zai ɓoye zafinsa, iska ta karɓe kafin ya sauka, sai ya manne a dutsen gefe. Wani ya manne a kansa. Daga sama tsinke-tsinke na saukowa, daga ƙasa tudu na tasowa, har wata rana su haɗu. Ya ce abin yana cin makonni, don ruwa ba ya zama ƙanƙara sai ya biya da zafi mai yawa, kuma sai iska ta kwashe wannan zafin kafin wani ɗigon ya samu wuri. Na tuna randar Inna, yadda take gumi a jikinta don ruwan ciki ya yi sanyi. Baba ya sha tsayar da ni a gabanta yana ce min in dubi zafi yana fita.

"Ruwan ciki fa, Malam?" na ce. "Ya tsaya?"

"Ƙanƙarar da kike gani bargo ce a gare shi. Tana hana iska ta kai gare shi. Je ki sa kunne."

Na ɗage hijabi na manna kunnena. Da farko bugun zuciyata kawai na ji. Can sai na ji shi, siriri, daga nesa, kamar ana tsiyaya ruwa a buta a ɗakin da ke bayan naka. Yana tafiya. Na fito da waya da yatsun da ba na ji, na manna ta, na naɗi sautin. A ƙarshe na ce, "Baba, ka ji? Littafinka bai yi ƙarya ba." Na tura wa Yaya Sani.

Kwana biyu bai amsa ba. Sannan ya rubuto: "An ji. An gode. Allah ya yi miki albarka."

Daga nan Juma'o'i suka canza. Yau Yaya ya ce hanya ba kyau bai je ba. Gobe ya ce ba sabis a Gozaki. Inna in na same ta muryarta can ƙasa, ta ce mura ce. Na ce a haɗa ni da Baba ko numfashinsa in ji, Gwaggo ta ce, "Ki bar shi ya huta, Dije." Ba zan ce muku ban ji komai a jikina ba. Na ji. Amma duk sanda abin ya taso sai in kunna sautin ruwan nan in saurara, in ce ai yana tafiya ta baya.

A tsakiyar Maris, saura kwana kaɗan in dawo, na roƙi Zainab ta raka ni in sake ganin matsirgar. Daga nesa tana nan yadda na bar ta, tsaye, cikakkiya. Na nufe ta zan sa kunne, sai wani mai gadin wurin ya daka min tsawa ya tare hanya da sanda. Zainab ta fassara min. Ya ce kada gabanta ya ruɗe ni. Rana tana ratsa ƙanƙarar ta gasa baƙin dutsen da ke baya, dutsen ya narkar da inda ta manne. Ruwan ciki kuma ya ƙaru da narkewar tsaunuka, yana cin ta daga ciki. Ya ce ta daɗe da rabuwa da dutsen, fuskar ce kawai ta rage, kuma ba ta sanar da kowa ranar faɗuwarta.

Muna shan shayi a rumfarsa muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ɓangare guda, girman ɗaki, ya ɓalle ya faɗo ya tarwatse. A bayansa babu komai sai rami baƙi da ruwa yana zuba. Zainab ta yi tafi. Ni kofin ne ya suɓuce daga hannuna.

Yaya Sani ne ya tarye ni a Kano, cikin zafin bazara. Ya rame. Ya tambaye ni jirgi, ya tambaye ni abinci, ya kunna rediyo. Na ba shi labarin kare da daddawa, ya yi dariya gajeriya. Muna wuce Malumfashi ya kashe rediyon, ni kuma ban tambaye shi jikin Baba ba. Na riƙe hular ulu da na sayo wa Baba a kan cinyata har Gozaki.

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba kwalli, ba ɗan kunne, zane ɗaya mai duhu. Duk 'yar Hausa ta san shigar takaba. Ban ƙarasa sallamar ba.

Da na dawo hayyacina na tambayi ranar. Yaya ya faɗa. Talatar nan ce, da hantsi. Hayaniyar matan da na ji a waya, ta masu zaman makoki ce.

Na dubi Gwaggo Hajara. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni ban yi miki ƙarya ba, Dije. Na ce zazzaɓi ya sauka, ya sauka. Na ce jiki ya yi sanyi. Na ce ya huta. Wanne ne ba gaskiya ba?"

"Gwaggo, alewa na raba. Dariya na yi ta yi."

"Shi ya ce kada a faɗa miki. Da hannun nan nasa ɗaya ya yi ta nuna kalanda yana girgiza kai, har sai da Sani ya rantse masa. Ke kin san ƙanena da taurin kai. Da mun faɗa miki, da kin taho ba ki je wajen ruwan ba."

"To na je. Wa na jiyo wa?"

Na san haka ake yi, ba a kaina aka fara ba. Ɗan wane yana Makka aka ɓoye masa, 'yar wance tana jarrabawa aka ɓoye mata, ni ma na taɓa taya ɓoyewa. Ban san nauyin abin ba sai da aka ɗora min. Wata biyu da rabi ina gaida mutumin da ke kabari, ina tara masa labarai.

Washegari da la'asar na shiga ɗakinsa. Kalandar na nan. Inna ta biyo ni ta zauna a bakin gado.

"Saƙon naki ni Sani ya kunna wa," ta ce. "A nan, a ɗakin nan. Sau uku na ce ya maimaita. Ban gane komai ba, Dije, ruwa kawai na ji. Amma na ce masa, Malam, ga 'yarka ta aiko."

Na tambaye ta yadda ya cika. Ta ce ba wahala. Ta ce tun asuba tana riƙe da hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana da zafi kamar garwashi, ba ta saki ba har ya yi sanyi a cikin nata.

Malam Usman ya taɓa ce mana zafi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa, ya koma cikin abin da ya fi kusa. Na tuna wannan, sai na kamo hannun Inna da hannuwana biyu kamar mai neman abin da aka ajiye mata. Na san wauta ce, wata biyu da rabi sun wuce. Amma na nema.

Hannunta sanyi ƙalau, daga ɗiban ruwa a randa ta fito.

Ban saki ba. Muka zauna a haka, ina jin nawa zafin yana fita yana shiga nata.